Ina Ruwan Lagireto Yake Tafiya?

Da sassafe a tashoshin mota, kafin a fara lodi, ba a rasa direban da ya ɗaga bonet, ya ɗauko jarka daga but yana ɗura wa lagireto ruwa. Wasu sun mayar da abin tamkar goge gilashi, kullum sai an yi. Alhali hanyar ruwan mota rufaffiya ce, lafiyayyar mota takan yi watanni ruwanta bai yi raguwar a zo a gani ba. Wadda take shanye lita guda kowace rana yoyo take yi, ko da ba a taɓa ganin ɗigo a ƙarƙashinta ba.

Kusan kashi ɗaya cikin uku na zafin man da inji yake ƙonawa, ruwa ne yake kwashe shi. Famfon ruwa yana kora shi ta ramukan da ke jikin inji, ya ɗebo zafi ya kai lagireto, iska da fanka su huce shi, ya sake komawa. Inji ya fi jin daɗin aiki tsakanin digiri 85 zuwa 100, ga shi kuma ruwa zalla a digiri 100 yake tafasa. A Jos ma, saboda tsayin wurin ya kai kimanin mita 1,200, tun wajen digiri 96 yake tafasowa. Abin da yake hana shi tafasa a cikin mota shi ne murfin lagireto. Lambar nan da ake gani a jikinsa, 0.9 ko 1.1, ita ce nauyin matsin da yake riƙewa, kuma da wannan matsin ruwa yakan kai wajen digiri 120 bai tafasa ba. Da zarar robar murfin ta bushe ko sifirin ɗinsa ya saki, ruwa zai riƙa ficewa a matsayin tururi, ba tare da ya bar alama a ƙasa ba. Daga murfin ya kamata a fara bincike, don shi ya fi komai araha, kuma shi aka fi mantawa da shi.

In murfi lafiya lau, sai a shimfiɗa kwali a ƙarƙashin mota ta kwana a kai. Inda ɗigo ya sauka, daga samansa ake bin sawu. Ruwa garau marar wari da ke ɗiga ta wajen ƙafar fasinja bayan an yi amfani da na'urar sanyaya mota ba matsala ba ne. Na lagireto yakan zo da launi, kore ko ja ko ruwan tsatsa, kuma in ya bushe yakan bar farin tabo kamar na kanwa a bakin tiyo ko a jikin lagireto. A matsa kowane tiyo da hannu lokacin da inji ya huce: wanda ya yi tauri kamar itace, ko ya yi laushi ya kumbura kusa da kilif, kwanansa ya ƙare. Famfon ruwa kuma yana da ɗan rami a ƙasansa da aka yi da gangan, ta nan yake fara zubar da hawaye idan robarsa ta ciki ta mutu. Bakaniken da ya san aikinsa yana da ɗan famfon hannu mai agogo da ake ɗaurawa a gurbin murfi. Yana hura matsi alhali mota a kashe take, in allura ta sauko to akwai kafa, sau da yawa ma a ga ruwan yana tsartuwa.

Kowace mota da inda ta fi ciwo. Peugeot 504, wadda ta fito a 1968 kuma aka fara haɗa ta a Kaduna a 1975, ta zo a zamanin lagireton tagulla, wanda mai walda zai iya buɗewa, ya zure bututunsa, ya like da darma. Golf 3, da aka ƙera tsakanin 1991 da 1997, wadda har yau take jigilar fasinja a hanyoyin Arewa, roba ta yi mata yawa: tankin lagireto na roba, kwalbar ruwa ta roba, haka mahaɗar tiyon da ke gefen kan silinda. Robar da ta shekara talatin tana shan zafi takan yi tsagar da ba ta buɗewa sai inji ya ɗumama. Irin wannan ba ta jin gam, canji ne maganinta.

Yoyon da ya fi tayar da hankali shi ne wanda ba ya zuba waje. In dardumar ƙafar fasinja ta jiƙe, ana jin wani wari mai zaƙi-zaƙi a cikin mota, ƙaramin lagireton hita ne da ke bayan dashbod ya huje. In kuwa salansa tana fitar da farin hayaƙi ko bayan inji ya yi zafi, ruwa yana ɓulɓulo kumfa, baƙin mai ya koma kamar shayi da madara, to gaskit ɗin kan silinda ya ƙone. Akwai wani shuɗin ruwan gwaji da ake karawa a bakin lagireto, yana komawa rawaya idan hayaƙin inji yana shiga cikin ruwan. Wannan gwajin ya fi a kwance inji a kan zato. Idan an tabbatar, canza gaskit kaɗai bai isa ba, sai an auna kan silindan, domin na alminiyom ne a 504 da Golf duka, kuma zafi yana lanƙwasa shi. Wanda aka mayar ba a daidaita ba, ba zai daɗe ba zai sake ƙona sabon gaskit.

Wasu daga cikin waɗannan hujojin ruwan da ake zubawa ne yake haifar da su. Ruwan rijiya da na burtsatse suna ɗauke da gishirin ƙasa da ke daskarewa kamar ɓawon da ake gani a gindin tsohuwar butar shayi, ga tsatsar da ke cinye ƙarfe daga ciki. Masu cewa kulant, wato ruwan nan mai launi da ake zuba wa lagireto, na ƙasashen ƙanƙara ne sun san rabin aikinsa kawai, domin yana ɗauke da maganin tsatsa, kuma haɗa shi da ruwa rabi da rabi yana ɗaga matakin tafasa zuwa wajen digiri 107 tun kafin murfi ya ƙara nasa. A zafin Maris zuwa Mayu na Sakkwato da Maiduguri, inda ake haura digiri 40, wannan tazarar tana da amfani. Sai dai guba ne mai zaƙi da ke lalata ƙoda, bai kamata a bar shi a buɗe inda yara ko dabbobi za su kai baki ba.

Dabarun kan hanya, irin su fasa ƙwai ko zuba garin masoro a lagireto, za su iya kai mota gari na gaba, amma abin da ya toshe kafa yana toshe siraran bututu ma. Cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin ruwan inji, da haɗa fanka kai tsaye, da wasu kanikawa suka mayar al'ada, ya fi wannan muni. Allura za ta zauna ƙasa, mai mota ya saki jiki, kafar kuma tana nan, ga ƙarin shan mai.

In allura ta hau a tsakiyar tafiya, a tsaya, a kashe inji, a ba shi aƙalla rabin awa. Buɗe murfi da zafi ya ƙona fuskoki da hannaye da yawa, kuma sheƙa ruwan sanyi a zazzafan inji yana iya tsaga kan silinda. Bayan kowane gyara kuma, sai a bar inji yana aiki, hita a buɗe, har iskar da ta maƙale ta fita, fanka ta tashi da kanta. Daga nan a yi wa kwalbar ruwa alama da biro, a riƙa dubawa kowace safiya kafin a tayar da mota, har mako guda.