Yadda ake ƙidayar halittun da ke cikin teku

Kifin titus da ake soyawa a Kano ko Maraɗi ya yi doguwar tafiya kafin ya shiga kasko. Yawancinsa daga arewacin Tekun Atlantika ake kamo shi, wajajen Norwe da Birtaniya, a daskarar da shi cikin kwali. Kafin jirage su fita su, akwai hukumar da ke faɗin adadin da ya kamata a kama a shekara. To, wa ya ƙirga kifin? Makiyayi yana iya tsayawa bakin garke ya ƙirga shanunsa, amma teku ba ya nuna abin da ya haɗiye.

Masana sun samo dabara. Tun 1977, duk bayan shekara uku jiragen bincike na ƙasashen Turai suna fita lokacin da titus ke saka ƙwai, su tace ruwa da raga mai ƙananan idanu, su ƙirga ƙwan da ya maƙale. An san kimanin ƙwan da mace ɗaya ke sakawa, don haka daga yawan ƙwai ake lissafo yawan iyaye. Sakamakon yana zuwa hannun ICES, majalisar binciken teku da aka kafa a 1902 mai hedikwata a Denmak, ita kuma ta shawarci gwamnatoci.

Akwai aikin da ya fi wannan daɗewa, kuma ni shi ya fi burge ni. A 1931 wani Bature ɗan Ingila, Alister Hardy, ya fara ɗaura wa jiragen 'yan kasuwa wata na'urar ƙarfe a baya, tsawonta kamar mita guda, suna janta a cikin ruwa yayin da suke harkarsu ta dako. A gabanta akwai wata 'yar ƙofa da ba ta wuce kan yatsa ba. Ruwa na shiga ta nan ya ratsa ƙyallen siliki, ƙananan halittun da ido bai cika gani ba, waɗanda ake kira filankiton, su manne a jiki. Wata farfela ce ke juya ƙyallen sannu a hankali, wani ƙyallen ya rufe shi, a naɗe su cikin maganin hana ruɓewa. Idan jirgi ya iso gaɓa sai a aika naɗin birnin Plymouth, a yanka shi gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa tafiyar mil 10 ce a teku, sannan wani ya zauna gaban madubin ƙara girma ya yi ta ƙirga.

Aiki ne mai gundura, kuma har yau kusan haka ake yin sa. Rashin canza salon ne ma darajarsa, domin shi ya sa ake iya ɗora ƙidayar bana kan ta zamanin kakanni. Ta haka aka gano cewa cikin kimanin shekara 40 filankiton masu son ruwan ɗumi sun matsa arewa da kusan kilomita 1,000 a arewa maso gabashin Atlantika, masu son sanyi kuma sun ja baya. Su ne abincin 'ya'yan kifi, kuma idan abinci ya ƙaura, mai cin sa ma ba zai zauna ba.

Yanzu an ƙara da tauraron ɗan'adam, da na'urar da ke gano garken kifi ta amsa-kuwwa, har da gwada kwalbar ruwan teku a gano halittun da suka ratsa wurin ta burbushin da suka bari.

In ƙidaya ta yi kuskure, talaka ke biya. A Newfoundland ta ƙasar Kanada, manyan jirage sun ci gaba da cika raga da kifin kod a shekarun 1980, hukuma ta ɗauka lafiya lau. Ashe ragowar kifin ne ke taruwa wuri ɗaya, jiragen kuma na bin su da na'ura. Masuntan bakin gaɓa sun yi ta kukan cewa kifi ya ragu kuma ya ƙanƙance, ba a saurare su ba. Ranar 2 ga Yulin 1992 gwamnati ta hana kamun, mutum kusan 30,000 suka rasa abin yi. An ce na shekara biyu ne. Sai a 2024 aka sake buɗewa.

Matsalar titus kuwa ba ta ƙidaya ba ce. Tun wajen 2010 ƙasashen da ke kamun sa sun kasa daidaitawa kan rabo, kowa na yanka wa kansa kaso, jimillar kuma tana zarce abin da ICES ta ce kusan kowace shekara. A 2019 ƙungiyar MSC ta dakatar da shaidar da take bai wa wannan kamun cewa ba ya cutar da tekun. Masana sun yi nasu aikin, sun ƙirga sun faɗa. Laifin na masu raba kason ne.