Rahamar Allah Ta Fi Ta Uwa

A wannan mako mun ajiye zancen girki da ɗinki tukuna. Ina so mu zauna mu yi tunani tare a kan wani abu wanda ke bakinmu safe da yamma, amma ba safai mu kan tsaya mu auna shi ba, watau irin labarin da mu ke ba 'ya'yanmu game da Ubangijinsu.

Ku kasa kunne a gidajenmu, tun daga Gyadi-Gyadi har Tarauni, ku ji. Yaro ya zubar da man gyaɗa, uwa ta ce masa Allah zai ƙone shi. Yarinya ta ƙi wanke-wanke, a ce mata 'yar wuta. Waɗansu ma har bakin tsinuwa su ke buɗewa a kan abin da bai kai ya kawo ba. To, yaron da ya tashi bai taɓa jin sunan Allah ba sai tare da bulala, yaya zai ɗauki Mahaliccinsa in ya girma?

Ni malamar makaranta ce, ban kuwa daɗe da fitowa daga makarantar horon malamai ba. Can aka koya mana cewa abin da yaro ya fara ji shi ya ke zama a zuciyarsa, kamar zane a kan dutse. Na taɓa tambayar 'yan ajina, yara 'yan shekara bakwai zuwa takwas, na ce kowa ya faɗa mini abu guda da ya sani Allah yana yi. Amsar da ta fi yawa ita ce yana sa mutane a wuta. Kaɗan ne suka tuna da ruwan sama, ko hatsi, ko lafiya. Yaran nan ba ƙarya suka yi ba, azaba gaskiya ce, ba Musulmin da zai musa. Amma rabin karatu aka ba su, rabin da aka bari kuwa shi ne babba.

Ku duba yadda Allah da kansa ya so a fara saninsa. Surorin Alƙur'ani 114 ne, 113 daga cikinsu da Bismillah su ke farawa, ban da Suratut Tauba kaɗai. A cikin Bismillah kuwa, daga sunayensa 99, biyu ya zaɓa ya haɗa da sunan Allah, Arrahmanu da Arrahimu, dukkansu daga rahama su ke. Akwai kuma suna Alwadudu, watau mai yawan ƙauna, wanda ya zo sau biyu, a Suratu Hudu da Suratul Buruji. Abin da ya fi shafarmu mu mata shi ne, a Larabci ana kiran mahaifa rahim, hadisi kuwa ya nuna Allah ya ciro mata wannan suna ne daga sunansa Arrahmanu. Ashe ke nan kowace mace tana ɗauke da alamar wannan suna a jikinta.

Akwai wani labari da Sayyidina Umar ya ba da, yana cikin Buhari da Muslim. An kawo waɗansu kamammun yaƙi wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. A cikinsu akwai wata mace tana ta kai da kawowa, hankalinta a tashe, tana neman jaririnta. Da ta sami yaro sai ta rungume shi a ƙirji ta ba shi nono. Annabi ya tambayi sahabbai ko suna ganin wannan mace za ta iya jefa ɗanta a wuta. Suka ce faufau, muddin tana da ikon hanawa. Sai ya sanar da su cewa jinƙan Allah ga bayinsa ya fi jinƙan wannan mace ga ɗanta. A wani hadisin kuma an ce Allah ya kasa rahama kashi 100, ya saukar da kashi 1 tak a duniya, ya riƙe 99 sai ranar gobe. Daga kashi ɗayan nan ne halitta duka ke jin tausayin juna, har goɗiya ta kan ɗaga kofatonta kada ta taka ɗanta.

Wadda ta ke so ta ga kashi ɗayan nan da idonta, ba sai ta yi tafiya mai nisa ba. Ta hau adaidaita sahu ta sauka a Titin Zariya, bakin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, wanda mu ke kira Asibitin Malam. An kafa shi a shekarar 1988, shekara biyar bayan rasuwar Malam Aminu Kano, aka sa masa sunansa. Daga birni da ƙauye, har daga jihohin maƙwabta, nan a ke kawo marasa lafiya waɗanda ciwonsu ya yi tsanani. Ki tsaya da sassafe ki ga mata suna shiga, wannan da kular abinci, wannan da tabarma da buta, wannan da goyon yaro wanda ya isa tafiya da ƙafarsa amma ciwo ya hana shi. Wata ta sayar da ɗan kunnenta, wata ta sayar da akuyarta, wata ta bar sana'arta ta mutu don ta zauna jinya. Ba wadda ta ce da ɗanta sai ka zo na ɗaya a aji zan yi jinyarka. Ba wadda ta ce sai ka biya ni. Yaron bai tsinana mata kome ba sai kuka da hana barci, amma ko kusa ba ta tunanin barinsa. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

To, 'yan'uwa, in wannan duka ɓurɓushi ne daga kashi ɗaya, ina ga 99?

A cikin iyayen nan akwai waɗanda na ke so mu yi magana a kansu musamman, watau masu 'ya'ya masu amosanin jini, abin da a ke kira sikila. Wahalar jinya daban, wahalar bakin mutane daban. Sai ki ji ana raɗa wai alhaki ne ya kama ta, wai Allah ne ke fushi da gidansu, wai kishiya ce ta yi mata asiri. Uwar miji ta ce ita ce ta kawo musu mugun iri. Tun tana musu, har ita kanta ta fara tambayar zuciyarta, shin me na yi wa Allah? Wannan tambaya kuwa ta fi ciwon nauyi, domin mai ciwo yana da wurin kai kuka, amma wanda ya zaci Ubangijinsa ya juya masa baya, ina zai nufa?

Ga gaskiyar al'amarin. Sikila gado ce, daga uwa da uba tare, ba daga uwa kaɗai ba. Ƙwayoyin jinin mai lafiya zagayayyu ne, su kan yi kwana kamar 120 suna aiki. Na mai sikila kuwa su kan lanƙwashe kamar lauje, su mutu cikin kwana 10 zuwa 20, su kan kuma toshe ƙananan hanyoyin jini. Shi ya sa yaro ke yawan rasa jini, shi ya sa kuma ƙasusuwansa ke yi masa azabar ciwo, balle in sanyi ya kama shi, ko zazzaɓin cizon sauro, ko ƙishirwa. Idan miji AS ne, mata ma AS ce, to, kowane ciki ta ɗauka akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi SS. Ita da mijin kuwa lafiyarsu lau, ba abin da zai nuna musu sai an gwada jini. Wani likita a Amurka, James Herrick, shi ya fara bayyana siffar wannan jini a shekarar 1910. A shekarar 1954 kuma wani masani, Anthony Allison, ya nuna a Gabashin Afirka cewa masu AS sun fi sauran mutane tsira daga mugun zazzaɓin cizon sauro. Kun ji dalilin da ya sa irin ya yawaita a ƙasashenmu masu sauro, har Nijeriya ta fi kowace ƙasa a duniya yawan masu wannan ciwo. Abin da ya tsare kakanni daga wata cuta, shi ne ya kan zama jarrabawa in ya haɗu daga gefe biyu. Ina alhaki a nan? Ina asirin kishiya?

In da ciwon ɗa ko mutuwarsa alamar fushin Allah ce, da ba ta sami mafificin halitta ba. 'Ya'yan Annabi bakwai, shida sun riga shi rasuwa, Nana Faɗima kaɗai ta saura, ita ma wata shida ta yi bayansa. Ɗansa Ibrahim bai cika shekara biyu ba ya rasu, Annabi ya zubar da hawaye, da aka yi mamaki ya nuna cewa hawayen nan rahama ce. A ranar kuma aka yi husufin rana, mutane suka ce don mutuwar yaron ne, ya hana su wannan fassara. Ku lura da kyau. Bai yarda a ƙulla abin da ya faru a sama da abin da ya faru a gidansa ba bisa zato. Mu kuwa su wane ne da za mu dubi ciwon ɗan maƙwabciya mu ce mun san abin da Allah ke nufi da ita?

Na san wata za ta ce, to Malama, in haka ne sai kowa ya yi abin da ya ga dama ke nan, tun da Allah mai jinƙai ne? A'a. Malamai sun rarrabe mana tsakanin rahama da yarda. Rahama ta game kowa. Ruwan sama ba ya tsallake gonar mai saɓo ya sauka a ta liman, bakin da Allah ya tsaga kuwa ba ya hana shi abinci. Wannan ba da sharaɗi aka ba mu ba, tun muna ciki ba mu san kome ba aka fara. Yarda kuwa nemanta a ke yi da aiki, Alƙur'ani ya ambaci waɗanda Allah ke so, kamar masu tuba da masu haƙuri da masu kyautatawa, ya kuma ambaci cewa ba ya son azzalumai. Ku auna da kanku. Ɗanki ya yi sata, kin yi fushi, kin hore shi, ba ki yarda da aikinsa ba ko kaɗan. Amma da dare ya yi kin rufe masa tuwonsa, kin kuma bar ƙofa a buɗe. Ƙofar tuba ma haka ta ke, aya ta 53 a Suratuz Zumar ta hana ko wanda ya yi wa kansa ɓarna mai yawa ya fid da tsammani.

Shehin malami Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a Dimashƙa a shekarar 1350, ya kwatanta zuciyar mumini da tsuntsu, ƙauna ce kansa, tsoro da fata su ne fukafukansa biyu. Tsuntsu mai fiffike ɗaya ba ya tashi, mara kai kuwa matacce ne. Mata ma ba a bar su a baya ba cikin wannan ilmi. Rabi'atul Adawiyya ta Basra, marainiya wadda ta sha bauta kafin a 'yanta ta, da ƙaunar Allah ta yi suna, har Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta ambace ta cikin salihan matan da ta ke koya wa ɗalibanta sunayensu.

Sanin rahamar Allah kuma ba ya nufin a naɗe hannu. Ilmin likita ma rahama ne, ƙin amfani da shi butulci ne. A shekarar 2024 Gwamnan Kano, Abba Kabir Yusuf, ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin ɗaurin aure, har da gwajin irin jini, AA ne ko AS ko SS. Shawarata ga 'yan mata da iyayensu, kada a bari sai an kawo lefe, an sa rana, zukata sun riga sun ƙullu. A yi gwaji tun farkon magana, a wurin da a ke da tabbacinsa. Waɗanda kuma suka riga suka yi aure ba su sani ba, ba laifinsu, kada kowa ya ɗora musu. Yaron da aka haifa da sikila a ba shi ruwa ya sha da yawa, a rufe shi daga sanyi, ya kwana cikin gidan sauro, a riƙa kai shi ganin likita a kan lokaci ba sai ciwo ya tashi ba. Da yawansu sun girma, sun yi karatu, sun yi aure sun haihu.

Saura namu aikin, mu maƙwabta da dangi. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. In kin ji maƙwabciyarki tana asibiti da ɗanta, ki dama kunu ki kai mata, ki kama mata renon na gida, ki karɓe ta kwana guda ta samu ta runtsa. In ana neman jini, ki yi wa maigida ko ƙannenki maza magana su je a gwada su. In kuwa ba ki da abin bayarwa, to, ki riƙe bakinki, wannan ma sadaka ce. Kada ki zama ke ce sanadin da baiwar Allah za ta munana wa Ubangijinta zato.

A gida kuma mu gyara harshe. Yaro ya yi laifi, a hore shi a kan laifinsa, a bar rantse masa da wuta a kan cokalin mai. In za ki ba shi abinci ki ce masa Allah ne ya ba mu. In ya warke daga zazzaɓi ki ce Allah ne ya ji ƙansa. In ya yi kuskure ki koya masa istigfari, ki gaya masa Allah yana murna da mai komowa gare shi. Tsoron Allah zai zo masa da kansa a sa'ad da ya san girman wanda ya yi masa wannan alheri duka, irin tsoron nan mai haɗe da kunya, wanda ke hana mutum saɓo ko ba mai ganinsa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Allah ya saka wa iyaye masu jinya da alheri, ya sa mu cikin waɗanda zai lulluɓe da rahamarsa ranar gobe, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.