Haƙƙin Ɗalibin Da Ya Tuba Daga Shaye-shaye

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Bayan haka, binciken da aka yi a Nijeriya a 2018 da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna mutum miliyan 14.3 suna ta'ammali da miyagun ƙwayoyi. A shekarar ne kuma Gwamnatin Tarayya ta hana sarrafa maganin tari mai kodin. Cikin waɗanda wannan annoba ta shafa akwai 'ya'yanmu na jami'o'i da kwalejoji. To, wanda ya tuba a cikinsu, mene ne haƙƙinsa a kanmu?

Na farko, kada a tsine masa. Imamu Buhari ya ruwaito labarin wani Sahabi da aka yi ta kawo shi saboda shan giya, har wani ya la'ance shi. Manzon Allah (SAW) ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa. Uban da ya kori ɗansa daga gida ya miƙa shi ne ga abokan da suka lalata shi.

Na biyu, a yi haƙuri da shi. Haramcin giya kansa daki-daki ya sauka: Baƙara aya ta 219, sannan Nisa'i 43, sannan Ma'ida 90. Haram ta tabbata, amma tarbiyyar zuciya sai sannu a hankali. Idan ya koma, ƙofar tuba tana buɗe.

Na uku, a nema masa magani. Wanda jikinsa ya saba da tiramadol ko kodin, in ya daina rana ɗaya, ciwon jiki da gumi da rashin barci suna iya mayar da shi ruwa. Wannan aikin likita ne, kamar na asibitocin ƙwaƙwalwa da ke Kaduna, Dawanau da Kware. Mari da bulala ba magani ba ne. Mun ga mutum fiye da 300 da aka ceto a Rigasa a 2019.

Ya ku 'yan kasuwa, ku biya kuɗin makaranta da hannunku, ku rage ba shi tsaba, ku ja shi shago lokacin hutu. Ku kuma ma'aikatan makarantu, ku ba shi damar jinkirta zangon karatu domin jinya, ku rufa asirinsa. Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi ta ba shi abokai nagari a masallaci da ɗakin kwana.

Allah Ya shiryi zuriyarmu baki ɗaya, amin.