Farin Magi da Daddawa: Ina Haɗarin Yake?

Daga Damri zuwa Bakura, daga Maradun zuwa kasuwar Talata Mafara, da wuya ka ga teburin mai kayan miya babu ƙullin farin magi. Ana saye ana ɗar-ɗar, domin an daɗe ana raɗe-raɗin cewa guba ne.

Masana kimiyya suna kiransa monosodiyam gulutamet. Gishiri ne, amma ba irin na Bilma ba. Asalinsa wani asid ne mai suna gulutamik, ɗaya daga cikin tubalan da ke gina furotin a jikin mutum da dabba da tsiro. Ƙwayar kabon biyar ce ginshiƙinsa. Idan ya saki haidurojin guda ya karɓi sodiyam a gurbinsa, sai ya zama farin gishiri mai saurin narkewa a ruwa.

A 1908 wani malamin jami'a a Tokyo, Kikunae Ikeda, ya tace shi daga ciyawar teku, kamfanin Ajinomoto kuma ya fara sayar da shi a 1909. Yanzu da rake ko rogo ko masara ake yin sa: a ba ƙwayoyin bakteriya sukari, su samar da gulutamet.

Wannan hikima ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Idan mata suka dafa kalwa suka rufe ta kwana biyu ko uku, bakteriya ce ke farfasa furotin ɗinta, gulutamet ya fito, daddawa ta yi ɗanɗano. Nunannen tumatirin noman ranin Bakolori ma yana ɗauke da shi. Jiki ba ya bambanta na ƙulli da na ɗorawa.

Abin lura shi ne sodiyam. Farin magi yana da kusan kashi 12 cikin 100, gishirin girki kusan kashi 39. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya kai giram 2 na sodiyam a rana, wato gishiri giram 5. Amma tukunya ɗaya takan sha gishiri da dunƙule da farin magi da kanwa, kowanne da nasa sodiyam. Taruwarsu ce ke share wa hawan jini hanya.

Saboda haka, uwargida, in kin sa magi ki rage gishiri, in daddawa ta wadata ki bar ƙullin. Lafiyar gidanki daga ma'aunin hannunki take farawa.