Samarinmu Da Dukiyar Da Ke Cikin Juji

Duk wanda ya bi hanyar Sharada da sassafe zai ga samari suna tura kura, waɗansu kuma sun ɗaura buhuna a bayan keke, cike da fasassun bokitai da butoci da tsofaffin takalman roba. Mutane sukan kau da kai, su ce ai 'yan jari-bola ne. Ni kuwa ina so in jawo hankalin malaman makaranta da akawunan ƙananan hukumomi ga yaran nan, gama aikinsu ya fi yadda a ke zato amfani, haɗarinsa kuma ya fi yadda su kansu suka sani.

Mu fara tunawa da yadda kakanninmu suka zauna. A da, da wuya a ga abin da Bakano ya yar ya tafi a banza. Sharar gida da toka da kashin dabbobi a kan kwashe su a mangala, jakuna su kai gonakin da ke kewaye da birni, su komo da itace da hatsi. Wani Bature masanin ƙasa, Michael Mortimore, ya bincika wannan al'ada a shekarun 1960, ya nuna takin nan yana cikin abin da ya sa gonakin karkarar Kano ke ba da amfani kowace shekara ba tare da an bar su sun huta ba. Gyaɗa ta ba da mai, tunkuza ta zama ƙuliƙuli, harawa ta ƙosar da tumaki. Katsin da ya kwanta a ƙarƙashin marina a kan ƙone shi, a gama da gashin jima da dafara, a yi laso na shafe soro. Ko da kayan Turawa suka zo, gwangwanin madara ya zama fitila, tsohuwar taya ta zama takalmi da guga.

To, zamani ya sake. An kafa masana'antu a Bompai tun zamanin mulkin Turawa, daga baya aka buɗe Sharada da Challawa. Sun ba dubban mutane aiki, wannan ba mai musu. Amma tare da su aka shiga zamanin leda da roba, waɗanda ƙasa ba ta iya cinye su. Yau manomi ya sayi takin juji sai ya yini yana tsince leda. Da damina magudanai su toshe, ruwa ya shiga gidaje, katangu su faɗi. Mahauta sun sha yanka saniya ramammiya su tarar tumbinta cunkushe da leda. Har wa yau masu bincike sun daɗe suna samun gubar kuromiyam ta jimar zamani cikin ruwan da ke gangarawa daga Sharada da Challawa zuwa kogin Challawa, na Bompai kuwa yana bin rafin Getsi ya faɗa Jakara, inda masu lambu ke ban-ruwa.

Maganin da masana na duniya ke kira a kansa yanzu shi ne abin da za mu iya ce wa tattalin arziki mai kewayawa. Watau maimakon a ƙera abu, a yi amfani da shi, a jefar, sai a rage saye, a gyara abin da ya lalace, wanda ya ƙi gyaruwa kuma a mai da shi masana'anta ya zama sabo. Mai karatu zai ga ai abin da kakanninmu ke yi ne aka sa wa sabon suna.

A nan Kano kuwa samarin nan ne ke riƙe da wannan kewayen. Yaro ya tsinto roba, ya kai wa dillali a auna a sikeli a biya shi. Dillali ya sa a ware ta iri-iri, launi-launi, a markaɗa a inji, a wanke, a shanya. Masana'anta ta saya ta narka, ta fito da sabuwar buta ko silifa. Tsohon ƙarfe ya nufi wurare irin su kasuwar Ƙofar Ruwa. Gwangwanin lemo kuwa maƙera su zuba tukwane da ludaya da shi. Wannan ba ƙaramin tanadi ba ne, domin narka tsohon alminiyum ba ya cin fiye da wajen kashi 5 cikin 100 na wutar da a ke bukata in za a fitar da sabo daga dutse.

Amma fa a dubi halin da su ke aikin. Da hannu tsirara su ke tonon juji, inda akwai fasassun kwalabe da tsofaffin allurai. Suna ƙona waya don su sami jan ƙarfe, suna shaƙar hayaƙin. Suna fasa batirin mota don su ciro dalma, ba su san ita ce gubar da ta hallaka yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara a shekarar 2010 da ba a manta ba, sa'ad da aka riƙa niƙa dutsen zinariya cikin gidaje. Wanda bai iya lissafi ba kuma a cuce shi wurin awo. Ga shi 'yan kaɗan masu satar wayar lantarki sun ɓata wa sauran suna.

Ina abin yi? Na farko yana hannun malami. A rangadin makarantu na kan tambayi yara ina ledar ruwan da suka sha ta tafi, sai su yi shiru. Kowace makaranta tana iya ajiye kwanduna uku, ɗaya na roba, ɗaya na gwangwani, ɗaya na abin da ke ruɓewa. Na ukun a zuba a rami ya zama takin lambun makaranta, biyun farko a sayar, yara su auna, su rubuta, su lissafta kuɗin da kansu. Darasin lissafi ke nan da na tsabta a lokaci guda. A kuma koya musu haɗarin dalma da hayaƙin roba, su kai labari gida. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Na biyu shi ne rage ɓarna tun daga kasuwa. Saurayin da ya tafi cefane da jaka, ya riƙe gorar ruwansa, ya kai takalminsa wurin mai gyara, ya rage wa juji nauyi. Ƙasar Ruwanda ta hana leda a 2008, Kenya ta bi a 2017, Jihar Legas kuma ta hana farin mazubin abinci na soso a 2024. Mu kuwa addininmu ya riga ya hana almubazzaranci, ba sai mun jira doka ba.

Na uku yana hannun akawu. A rubuta sunayen masu wannan sana'a a kowace unguwa, a ba su shaida, a ware musu fili, a riƙa duba sikelin dillalai. Da haka a ke bambanta mai nema da ɓarawo. Yaro ƙarami kuwa wurinsa aji, ba juji ba.

Kada dai a ɗora wa samari kayan da ba nasu ba. Tace ruwan masana'anta kafin a sake shi alhakin masu masana'anta ne, tilasta musu kuma aikin hukuma ne, don haka aka kafa NESREA a 2007. Amma ɗalibin da ya koyi auna ruwa a kwaleji yau, shi ne sufeton da zai tsaya a bakin magudanar Challawa gobe.

Saboda haka ya ɗan'uwa malami, in makaranta ta koma, fara da kwandunan nan uku. Allah ya sa mu bar wa 'ya'yanmu ƙasa mai nomuwa da ruwa mai shayuwa, amin.