Zinarin Ndassima da Ruwan Tangui: Ina Ɗan Kasuwar PK5 Zai Sa Kuɗinsa?

A unguwar Kilomita Biyar, wadda kowa a Bangui ke kira PK5, ba a koya wa ɗan kasuwa sanin zinari. Ya ɗora shi a ma'auni, ya goga a dutse, ya faɗi farashin giram. Shi ya sa da zinari ya haura dala 4,000 a kan kowace oza a Oktoban 2025, wasu suka fara tambayar hannun jarin kamfanonin haƙo shi, suna ganin ai duk ɗaya ne.

Ba ɗaya ba ne. Zinarin da ke hannunka dukiya ce. Hannun jarin mahaƙa kuwa rabo ne a cikin takardar izini, kuma darajar takardar tana hannun gwamnati da wanda ke riƙe da bindiga a bakin ramin. Ndassima, kusa da Bambari, ta ishe mu misali. Kamfanin Axmin na Kanada ya samu lasisin haƙa a can a 2010, ga ma'adinin da aka ƙiyasta ya wuce oza miliyan ɗaya. A Disambar 2012 mayaƙan Seleka suka mamaye wurin, aiki ya tsaya. Daga bisani gwamnati ta janye lasisin, ya koma hannun Midas Ressources, wanda Amurka ta ƙaƙaba wa takunkumi a 2023 bisa alaƙa da sojojin hayar Wagner. Zinarin yana nan a ƙasa, farashinsa ya ninka, amma wanda ya sayi hannun jarin Axmin sai dai ya ji labari. Abin yana ci mini rai, domin irin wannan asara kan faɗa ne a kan mai ƙaramin jari da ya tara kuɗinsa sisi-sisi.

Idan aka bar mahaƙa, akwai kamfanonin abin sha. Abin sha ribarsa kaɗan-kaɗan take shigowa, kwalba bayan kwalba, rani da damina. Sai dai babbar masana'antarsa a Bangui, MOCAF ta rukunin Castel, giya ce ginshiƙinta, kuma ba ta cikin kasuwar hannun jari. Ko da tana ciki, Musulmin PK5 ba zai kai kuɗinsa can ba.

Abin da ya rage shi ne kasuwar hannun jari ta BVMAC da ke Douala, ta ƙasashen CEMAC shida. A can akwai kamfanin SEMC, mai ruwan kwalba na Tangui, wanda aka fara sayar da hannun jarinsa a 2006. Ni dai a nan hankalina ya fi kwanciya, ko da yake ruwan Supermont ya ci masa kasuwa sosai. Babban cikas shi ne ciniki a BVMAC ba shi da yawa. Ranar da buƙata ta taso, kana iya shafe makonni kana neman mai saye, alhali ƙullin zinarin da ke aljihu ana iya mayar da shi sefa a PK5 kafin la'asar.