Ƙayyade Wutar da Ƙwaƙwalwar Kwamfuta Ke Ci ta Hanyar Layin Umarni

Gabatarwa

Masu ƙera kwamfuta sukan ɗauka cewa duk inda za a girke ta akwai lantarki wadatacce da ɗaki mai sanyi. A garuruwa irin su Fammar, ta ƙaramar hukumar Kibiya da ke maƙwabtaka da Rano a kudancin Jihar Kano, wannan zato ba ya tabbata. Wutar kamfanin KEDCO, wanda ke rarraba lantarki a jihohin Kano da Katsina da Jigawa tun 1 ga Nuwamba, 2013, ba kullum ake samunta ba, zafin bazara kuwa yakan kai digiri 40 tsakanin Maris da Mayu. Don haka malami ko mai shagon buga takardu da ya dogara da sola da batir yana da bukatar sanin yadda zai sa wa na'urarsa linzami. Wannan maƙala za ta bayyana yadda ake yin haka, da kuma iyakar amfaninsa.

Ma'anar Kalmomi

Ƙwaƙwalwar kwamfuta ita ce ɗan guntun da ke gudanar da dukkan lissafin na'urar, kuma ita ce kan gaba wajen cin wuta idan aiki ya yi nauyi. Layin umarni kuwa shi ne fagen da ake rubuta wa kwamfuta umarni da haruffa, maimakon taɓa hotuna. Wat shi ne ma'aunin ƙarfin wutar da ake ja.

Dalilin Ƙayyadewa

Wutar da ƙwaƙwalwa ke ci wajen aiki ta dogara ga abubuwa biyu, watau saurinta da kuma matsin lantarkin da ake ba ta, wanda ake aunawa da bolt. Shi matsin sau biyu yake shiga lissafi, domin ninka shi ake yi da kansa. Alal misali, idan aka rage sauri da kashi 10 cikin ɗari, aka rage matsi da kashi 10, to wutar za ta ragu da kusan kashi 27. Ke nan ɗan saurin da ke can ƙololuwa shi ne mafi tsada. Bugu da ƙari, duk wutar da ta shiga ƙwaƙwalwa zafi take komawa. Idan ƙurar hunturu ta toshe fanka, bazara ta zo ta tarar, ƙwaƙwalwar takan doshi digiri 100, sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone.

Akwai wani dalili da ya shafi masu sola musamman. Kwamfutar da aka jona da inbata ba ta san cewa batir take zuƙa ba. A ganinta wutar gari ce, saboda haka sai ta saki jiki ta ci iya cinta.

Yadda Ake Yi

A 2011 kamfanin Intel ya sanya wa ƙwaƙwalwarsa samfurin Sandy Bridge wani tsari mai suna RAPL, mai auna wutar da ake ci ya kuma tsare iyakarta. Iyakokin biyu ne. PL1 ita ce ta dogon zango, PL2 kuwa ita ce wadda ake yarda ƙwaƙwalwa ta kai na ɗan lokaci idan aiki ya taso. Manhajar Linux, tun daga fitowa ta 3.13 a Janairun 2014, ta mai da waɗannan iyakoki fayiloli da ake karantawa ake kuma sauyawa. Da farko sai a duba iyakar da ke akwai:

cat /sys/class/powercap/intel-rapl:0/constraint_0_power_limit_uw

Amsar da mikrowat take zuwa, miliyan ɗayansa ne wat ɗaya. Idan aka ga 65000000, to wat 65 ke nan. Don mayar da ita wat 35, mai ikon gudanar da na'urar zai rubuta:

echo 35000000 | sudo tee /sys/class/powercap/intel-rapl:0/constraint_0_power_limit_uw

Fayil ɗin da sunansa ya soma da constraint_1 shi ne na PL2. Wajibi ne a ƙirga sifili da kyau, domin idan ɗaya ya faɗi, wat 35 ya koma uku da rabi, na'ura ta dinga jan ciki. Daga nan sai a ba kwamfutar aiki mai nauyi, a duba da umarnin turbostat ko iyakar ta kama. Sauyin yana gushewa da zarar an kashe na'ura, sai an maimaita shi. Haka kuma wasu kamfanoni sukan kulle iyakar tun daga masana'anta.

A manhajar Windows ana amfani da powercfg, sai dai shi sauri yake ƙayyadewa, ba wat ba:

powercfg /setacvalueindex SCHEME_CURRENT SUB_PROCESSOR PROCTHROTTLEMAX 80

powercfg /setactive SCHEME_CURRENT

Layin farko ya tsayar da ƙwaƙwalwa a kashi 80 cikin ɗari na saurinta yayin da take jone da wuta, na biyu kuma ya zartar da sauyin.

Riba da Iyakarta

A ƙaddara akwai batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100, watau wat-awa 1,200. Batir na dalma rabinsa ake so a ci don ya yi ƙarko, saura 600 ke nan. Kwamfutar da ke jan wat 100 za ta cinye su cikin awa shida. Idan aka rage wat 30, za ta kai awa takwas da rabi, in ba a lissafa abin da inbata ke ɓatarwa ba.

Amma fa sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Abin da batir ke biya shi ne wat a ninka da lokaci. Idan aka matsa iyakar har aikin awa ɗaya ya koma na awa biyu, allo da inbata suna nan suna ci duk tsawon lokacin, riba ta koma asara. Kazalika, mai buga wasiƙa kawai ba zai ga wani bambanci ba, domin ƙwaƙwalwarsa da ma ba ta kusantar iyakar. Mai haɗa bidiyo ko sarrafa hotuna shi ne zai gani.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a fahimci cewa hikimar ba ta rage wuta iya ragewa ba ce. Hanyar da ta dace ita ce a zaɓi aiki guda da aka saba yi, a riƙa rage iyakar wat biyar-biyar, ana rubuta lokacin da aikin ya ɗauka da wutar da ya ci. Inda aka ga jinkirin ya soma rinjayar rangwamen, sai a koma mataki ɗaya baya a tsaya nan.